Yadda za a tsara ziyarar jami'o'in Amurka da yaro a lokacin hutu

Ga yaron da yake neman jami'ar da zai shiga, hutun bazara na makarantun sakandaren Amurka, wanda yawanci yake faɗowa a Maris ko Afrilu, shi ne lokacin da ya fi dacewa. Amma kafin ku sayi tikiti, ku duba kalandar kowace jami'a. Idan su ma suna hutu, gine-gine kawai za ku tarar, babu ɗalibi ko ɗaya da yaron zai yi wa tambaya.

Ku yi rajista a shafin ofishin ɗaukar ɗalibai tun da sauran makonni, domin gurbi yana saurin cika. Ziyara ɗaya takan ci awa biyu zuwa uku: bayani a zaure, sannan zagaye a ƙafa tare da ɗalibin da aka wakilta. Jami'a biyu a rana ta isa. Da kun ƙara ta uku, gajiya za ta sa komai ya cakuɗe a kan yaron, washegari ya kasa tuna wane ɗakin karatu ya gani a ina.

Ku haɗa waɗanda suke kusa da juna. A yankin Boston, jami'ar Harvard da MIT (jami'ar fasaha ta Massachusetts) duk a garin Cambridge suke, jirgin ƙasa na Red Line yana haɗa su, ba sai kun sha wahalar neman wurin ajiye mota ba.

Iyaye, ku ɗan ja baya, yaron ya yi tambaya da bakinsa. Naku aikin shi ne kuɗi: kowace jami'a tana da manhajar lissafin ainihin abin da za a biya bayan tallafi a shafinta. Ku cika ta kafin tafiya. Kuma ku ci abincin rana a ɗakin cin abincin ɗalibai idan an yarda, nan ake jin gaskiyar zance.