Yadda na shawo kan gishiri kafin in zuba kifi

A Damagaram, inda teku ke da nisa, da ruwan da aka tace da gishirin teku na leda ake haɗa ruwan akwatin gilashi na kiwon kifin teku, giram 35 a kowace lita. Nawa kuwa gishirin sai hawa yake yi, ma'aunin gishirin ruwa ya wuce 1.025 da ake so. Dalilin zafin Afrilu ne: ruwa na tafiya da tururi, gishiri na zama. Har farin ɓawo ya fito a bakin gilashi.

Sai na manna alama daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya, kowace safiya ina cikawa da tataccen ruwa zalla, ba mai gishiri ba. Na sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan don zafi ya sauka kusa da digiri 26. Ita ma tana ƙara shanye ruwa, a kula.

Kifi kam ban yi gaggawa ba. Ƙwayoyin bakteriya da ke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a jikin duwatsu. Sai da gwajin amoniya da naitirait, gubar da amoniya ke rikiɗewa ta zama, ya nuna sifili na sa ƙananan kifi biyu. Na gaba zai jira mako uku.