Yadda Za Ka Mai da Kamun Kifi Lokacin Addu'a

Ka isa bakin ruwa da asuba, kafin rana ta fito. A wannan lokacin tarwaɗa ta fi cin ƙugiya, kuma Markus 1:35 ya nuna Yesu kansa ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe don addu'a. Wayarka kuwa ka kashe ta.

Kaya kaɗan sun isa: fatsa ɗaya, ƙaramar dalma, guntun kara busasshe da zai yi yawo a kan ruwa, da tana a gwangwani mai damshin ƙasa. In tanar ta bushe ta mutu, kifi bai cika kula ta ba. Don tarwaɗa, bar ƙugiya ta kwanta ƙasan ruwa. Karfasa kuwa tsakiya take yawo.

Bayan ka jefa, zaɓi aya guda tak, kamar Zabura 23:2 mai zancen ruwaye masu natsuwa. Maimaita ta a hankali, idonka na kan karan. Hankali zai gudu zuwa bashi ko rigimar gida. Kada ka yi kokawa da shi, miƙa abin ga Ubangiji ka koma kan ayar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Kara na ɗan rawa sai mutum ya fizge, alhali kifin ɗanɗana kawai yake. Jira sai ya nutse.

Ranar da ba ka kama komai ba, karanta Luka 5, inda Siman ya kwana yana wahala a banza. In ka kama tarwaɗa, riƙe ta bayan kai, ƙayoyin gefenta suna huda hannu.