Yadda ake jan babbar mota ko bas idan ta mace a hanya

Motar kaya mai nauyin tan 6 zuwa 12, ko bas, ko motar tafi-da-gidanka mai ɗakin kwana da kicin a ciki, ba a jan su yadda ake jan ƙaramar mota. Sau da yawa ɓarnar da ja ke yi ta fi matsalar da ta tsayar da motar tsada.

Da farko ka kauce daga kan titi iya iyawarka, ka kunna fitilun gargaɗi, ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku nesa a bayan mota. Idan bas ce, fasinjoji su sauka su tsaya can gefe.

Sai kiran masu janwe, wato motar da ke jan motocin da suka lalace. Kada ka ce musu "babbar mota ce" ka yi shiru. Faɗi nauyinta, tsawonta da tsayinta, da lodi ko wayam, giyar hannu ko otomatik, birkin iska ko na mai. Da wannan za su san janwen da za su turo, don wanda ya yi wa motar kaɗan gabansa ɗagewa yake yi, sitiyari da birkinsa su daina kamawa. Kafin su iso, ɗauki hoton motar ta kowane ɓangare.

Da isowarsu a fara sa waji a tayoyi, wato abin da ake tokare taya da shi don kada mota ta gangara. Dalili shi ne birkin iska: idan iskar tanki ta yi ƙasa sosai, wani ƙaƙƙarfan sifirin yana danne birkin baya, tayoyi su ƙi juyawa. Mafita biyu ce. Ko a jona tiyon iska daga janwe, ko a ɗaure sifirin ɗin da ƙusarsa ta musamman a kowace tukunyar birki. Na fi son ta farko in ta samu, domin da zarar an ɗaure sifirin, motar ba ta da birkin tsayawa kwata-kwata, waji da janwe kaɗai ke riƙe da ita. Kuma kada kowa ya yi gangancin buɗe tukunyar nan, ƙarfin sifirin ɗin yana iya kashe mutum.

Yanzu farfela, wato doguwar sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, inda gaggawa ta fi cin mutane. Direba zai ce ai na sa ta a firi. Firi ba ta isa ba. Muddin tayoyin baya na ƙasa suna gudu, farfela tana juya cikin giyabos, alhali injin a kashe yake, man giya ba ya zagayawa. Ƙarafa su yi ta gogar juna a bushe har su ƙone. Don haka a yi wa farfela alama don ta koma yadda take, sannan a kwance ta, a ɗaure ta tamau. In ba a iya kai hannu gare ta, kamar a wasu bas masu inji a baya, a zare sandunan aksul, wato sandunan da ke juya tayoyin baya, a rufe bakin don kada mai ya tsiyaye.

Wajen ɗagawa, a kama aksul na gaba ko tayoyi, ban da bamba. Jikin bas da na tafi-da-gidanka ba ƙwari gare shi ba, kuma gindinsu dogo ne: gaba ya yi sama da yawa, baya ya kama jan ƙasa. In kuwa ta baya aka ɗaga, a ɗaure sitiyari a miƙe. Motar da aksul ɗinta ya karye, ɗora ta kan tirela mai ƙasa-ƙasa ya fi.

A tafi-da-gidanka, rufe tukunyar gas, naɗe rumfa, kulle durowoyi da firji.

Sai sarƙoƙin kariya guda biyu, da fitilun birki da sigina a bayan motar da ake ja. A sake auna tsayi bayan an ɗaga saboda gadoji, kuma in an ɗan taɓa tafiya a tsaya a duba sarƙa, a taɓa tayoyi a ji ko sun yi zafi, alamar birki na kamawa.