Yadda ake koya wa yaran firamare kalmomin Turanci gida-gida

Yaron da ya iya karatun Hausar boko ya saba abin da ya gani a rubuce shi zai furta. Turanci ba haka yake ba, shi ya sa haddar kalmomi 20 barkatai a mako ba ta zama a kan yaro. Abin da ke zama shi ne a tara kalmomi masu tsawo ɗaya da ƙarshe ɗaya, a koyar da su tare kamar 'yan gida ɗaya.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin malamin ƙauye ba, ko a ƙasar Gaya yake ko ta Ringim: kwalin taliya daga kanti, almakashi, da maka biyu, baƙa da ja. Yanka kwalin daidai tafin hannu. Baƙaƙe 21 ka rubuta su da baƙa, wasula 5 da ja, duka da ƙananan haruffa, domin su yaro zai fi cin karo da su a littafi. In ajin ya cika maƙil, raba yaran goma-goma, kowane rukuni da nasa katunan.

Fara da masu haruffa uku. Rubuta at a allo, ka riƙa kawo kati ɗaya gabansa: cat, mat, rat, hat. Harafin farko kaɗai ke sauyawa, kuma so ake yaro ya gano hakan da kansa. Daga nan sai hen, pen, ten, sai pin, tin, bin, sai pot, hot, cot. Gida biyu a mako ya isa, kowanne kalma biyar ko shida. Ma'ana kuwa a nuna ta a zahiri: tabarma, gwangwani, tukunya, biro, a ɗaga a gani.

A nan ne harshenmu ke sa baki, kuma wajen ya cancanci haƙuri. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka za ka ji yaro ya ce "kati" maimakon cat. Sa su tafa sau ɗaya daidai kan harafin ƙarshe, baki ya rufe tare da tafin. Sai rikicin p da f, tunda Hausa ba ta raba su. Ajiye pan da fan gefe da gefe. Ba yaro 'yar siririyar takarda ya riƙe gaban bakinsa: a pan leɓɓa na haɗuwa, iska ta fito farat ɗaya ta kaɗa takardar, a fan kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, iska na zirarowa. Haka za a yi wa van da ban.

Da an gama gida uku, a cakuɗa katunan. Yaranmu gwanayen hadda ne, suna iya rera jerin duka da ka alhali ba su karanta komai ba. Hat, hot, hut a jere su ke tona wannan.

Masu haruffa huɗu iri biyu ne suka fi ba da wahala. Akwai masu e a ƙarshe wadda ba a furta ta amma tana sauya wasalin tsakiya: hat ta koma hate, not ta koma note, tap ta koma tape. Yi wa e ɗin katinta daban, a ɗora a cire, a ji bambancin. Akwai kuma masu baƙaƙe biyu a manne, inda yaro ke cusa wasali a tsakani ya ce "sitof", kamar yadda muka samu burodi da buroshi. Maganinsa a taso daga kalmar da ya riga ya sani: top sannan stop, pot sannan spot, lap sannan clap.

Masu biyar irin light, night, right, a rubuta ight a kati guda, kada a tsaya rarrabe haruffanta.

Babban kuskure shi ne haɗa gida da ido kawai. Cow, now, how gida ɗaya ne, amma low ba ta cikinsu. Hear da near daban, bear da wear daban. Cut, but, nut sun tafi tare, put ta ware. Malam ya furta kowace kalma da kansa kafin ya sa ta a jeri, waɗanda suka saɓa kuma a ware musu gefen allo.

A yi shifta ranar Alhamis, tunda Juma'a ana tashi da wuri: kalma 10, bakwai na makon, biyu na baya, ɗaya kuma wadda ba a taɓa koya ba amma daga gidan da aka sani, kamar sat bayan an yi cat da mat. Wanda ya rubuta ta daidai ya kama hanya. Wanda ya kasa, da waɗanda aikin gona ya ɗauke lokacin shuka ko girbi, a mayar da su kan masu haruffa uku na mako guda kafin su shiga masu huɗu.