Manhajar Electron: kurakuran da ba sa fitowa sai a kwamfutar mai saye

Electron, wanda GitHub ta fitar a 2013, yana haɗa burauzar Chromium da Node.js (mai gudanar da JavaScript a wajen burauza) wuri guda, shi ya sa ake rubuta fuskar manhaja da HTML da JavaScript ta kuma buɗe kamar kowace manhajar kwamfuta. Da shi aka gina VS Code da Slack da Discord. Sai dai yawancin matsalolinsa ba sa bayyana a na'urar wanda ya rubuta, sai bayan an naɗe manhajar cikin kunshin girkawa an girka ta a wani wuri.

Wanda aka fi kuka da shi shi ne farin allo: an danna, taga ta buɗe, babu komai a ciki. Lokacin gwaji shafin daga sabar (server) da ke kan kwamfutar mai rubutu yake fitowa, bayan naɗewa kuwa ta file:// ake karanta shi, don haka hanya irin /assets/index.js tushen faifai take nema, ba jakar manhajar ba. In da Vite kake haɗa shafin, sa base: './' a saitinsa. In React Router ne, koma HashRouter. Haruffa da CSS da kake jawowa daga intanet ma sauke su cikin kunshin, domin ranar da data ta ƙare fuskar za ta wargaje.

Sai kuskuren ajiye bayanai kusa da manhajar. Fayil ɗin app.asar, inda ake naɗe fayilolin manhajar, karantawa kawai ake yi, Program Files kuma yana buƙatar izinin mai gudanarwa. Rumbun SQLite da saituna wurinsu app.getPath('userData'), wanda a Windows yake cikin AppData.

Mafi haɗari shi ne kunna nodeIntegration, saitin da ke ba shafi damar amfani da Node kai tsaye, don gudun wahala. Mutum ya ga require ya ƙi aiki a shafi, ya kwafi tsohon misali, ya kunna shi, ya kashe contextIsolation, katangar da ke raba rubutun shafin da na Electron, aiki ya tafi. Ba banza na farko yake zuwa a kashe tun sigar Electron ta 5 ba, na biyu kuma a kunne tun sigar 12. Da zarar an buɗe su, duk rubutun da ya kutsa cikin shafin, ko da ta akwatin sunan kwastoma ne da ba a tace ba, zai iya karanta fayilolin mai kwamfutar ya goge su. Gyaran ba wuya: a fayil ɗin preload, wanda ke gudana kafin shafin ya buɗe, yi amfani da contextBridge ka fitar da 'yan ayyuka masu suna, kamar ajiyeRasit, ipcMain.handle ya karɓa ya binciki abin da aka turo. Kada ka miƙa wa shafin ipcRenderer, hanyar aika saƙo zuwa babban ɓangaren manhajar, gaba ɗayansa.

Masu kunna ƙaramar saba a bayan fage, ta Python ko Express, su ɗaure ta a 127.0.0.1, adireshin da kwamfutar kaɗai ke gani. A 0.0.0.0 duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da kai zai iya shiga. Lambar ƙofa (port) kuma kada a kafe a 3000, wata manhajar na iya riga ka. Sa 0 tsarin ya zaɓa. A kashe sabar idan aka rufe taga.

Saƙon NODE_MODULE_VERSION da better-sqlite3, kunshin aiki da SQLite, ke jefowa na nufin an harhaɗa shi don Node ɗin kwamfutarka, ba na Electron ba. @electron/rebuild ke warware shi.

Wanda nauyin Chromium ya dame shi ya koma Tauri, wani madadin Electron, ya sani cewa injin burauzar tsarin yake ara: WebView2 a Windows, WebKit a Mac da Linux. Kunshi zai ƙanƙance, amma dole a gwada fuskar a duka ukun, kuma a kwamfutar da ba a taɓa girka Node a kanta ba.