Yadda Ake Auna Baƙin Mai Da Gane Motar Da Ke Shan Sa Fiye Da Ƙima

Sau da yawa injin da ya buga ba tsufa ne ya kashe shi ba, baƙin mai ne ya ƙare a cikinsa ba tare da mai motar ya sani ba, domin ya ɗauka cewa tunda an yi juye wata biyu da suka wuce, babu dalilin buɗe bonet sai lokacin juye na gaba ya zo. Wasu kuma sun dogara ne da jar fitilar nan mai siffar 'yar buta da ke gaban direba, suna jiran ta kama kafin su duba. Wannan fitila ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin bugun da famfo yake yi wa man take nunawa, saboda haka idan ta kama ana cikin tafiya, to man ya riga ya yi ƙasa ƙwarai ko kuma ya daina zagayawa, kuma abin da ya dace shi ne a sauka gefen hanya a kashe inji nan take. Abin da zai faɗa wa mutum gaskiya tun kafin a kai ga wannan matsayi shi ne geji, wato siririn ƙarfen nan mai mariƙi rawaya ko ruwan lemo da ake zarowa daga jikin inji.

Kafin a zare geji, sai an tabbatar motar tana tsaye a wuri mai daidaito, domin idan gabanta ya hau tudu ko tayoyin gefe ɗaya suna cikin kwari, man zai karkata a cikin kaskonsa, gejin ya nuna abin da ba shi ba ne. Idan an dawo daga tafiya ne, a kashe inji a jira minti biyar zuwa goma, man da ya hau sama ya gangaro. Da safe kafin a tayar da mota ma lokaci ne mai kyau, sai dai in littafin motar ya ce a auna da zafi. A zare gejin, a goge shi tas da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, a mayar da shi har ƙarshe sai ya zauna, sa'an nan a sake zarowa a riƙe shi bakinsa yana kallon ƙasa don kada man ya gangaro sama ya ruɗi mai dubawa. Zarowar farko ba a karanta ta, domin man da ya fantsama lokacin da inji yake aiki ya riga ya ɓata ta. A duba fuska biyu na gejin, idan sun saɓa a ɗauki wadda ta fi ƙasa. A motoci masu giya otomatik a kula kada a zare gejin man giya a madadin na inji, shi wancan man nasa yawanci ja ne.

A bakin gejin akwai alamomi biyu, ko huji biyu, ko haruffan L da F, ko MIN da MAX. A yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakaninsu ta kai kimanin lita ɗaya, wanda ke nufin idan man ya tsaya a tsakiya, kusan rabin lita ne ya tafi. Sabon mai yana da wuyar gani saboda haskensa, sai a karkata gejin ga rana ko a kwantar da shi a kan farar takarda a ga inda ya jiƙa. Wasu motocin BMW da Mercedes da Audi ba su da geji ko kaɗan, a allon gaban direba ake duba yawan man.

Launin man ma yana da abin faɗa. Baƙi shi kaɗai ba aibu ba ne, musamman a injin dizal inda mai ke yin baƙi jim kaɗan bayan juye. Abin tsoro shi ne a ga ya koma kalar shayi mai madara, domin hakan yana nuna ruwan lagireto yana shiga cikinsa, galibi ta gasket ɗin kan inji da ya ƙone, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa. Haka nan idan man yana ƙaruwa maimakon raguwa, kuma yana warin fetur, ba riba aka samu ba, fetur ne yake sauka cikinsa yana tsinka shi.

Idan za a yi ciko, a zuba kaɗan-kaɗan, kamar rubu'in lita, a dakata minti biyu a sake aunawa, kuma a yi amfani da mai irin wanda ke ciki. Kada a wuce alamar sama da sunan riga-kafi. Man da ya yi yawa yana kaiwa inda sandar da fistin ke juyawa a ƙasan inji take kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta shafe ƙarfe, ga shi kuma yana matsa wa robobin da ke tare mai har su fara yoyo.

Kowane inji yana shan mai kaɗan, domin dole wani ɓangare ya tsaya a bangon silinda ya ƙone tare da fetur. Tambayar ita ce nawa ne ya wuce ƙima. Littattafan motocin Volkswagen da dama sun ce mota tana iya shan har rabin lita a kilomita 1,000 ba tare da an kira shi matsala ba. A ganina kamfanoni suna faɗaɗa wannan iyaka ne don su rage masu dawo musu da ƙorafi. Inji mai lafiya bai kamata ya sauko daga alamar sama zuwa ta ƙasa tsakanin juye da juye ba idan ana yin sa a kilomita 5,000. Hanyar sani ita ce a auna a rubuta, ba a yi ƙiyasi da ido ba. A cika man daidai alamar sama, a rubuta lambar da mitar tafiya take nunawa, sa'an nan a riƙa dubawa bayan kowane kilomita 500, a wuri guda kuma a yanayi guda, ana rubuta duk abin da aka ƙara. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wanda ya manta da wannan lissafinsa zai karkace. Misali, zuwa Abuja daga Kano da dawowa ya haura kilomita 800. Idan bayan irin wannan tafiya man ya sauko tsakiyar geji, motar ta sha rabin lita, ta ma zarce wancan iyaka mai faɗi da kamfani ya sa.

Bayan an tabbatar man yana raguwa, sai a gano ta ina yake bi, domin hanya biyu ce kawai: ko yana zuba, ko yana ƙonewa. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji da dare, a duba da safe. A leƙa gefen murfin kan inji, da gindin filta, da noti ɗin da ake kwancewa wajen juye, da wurin da inji ya haɗu da akwatin giya. Wasu motocin suna da faifan roba a ƙasa wanda ke tare ɗigon, don haka rashin ganin tabo a ƙasa bai wanke motar ba. Idan babu yoyo, to ƙonewa yake yi, kuma shaidarsa ita ce hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa. Farin hayaƙi mai kauri na ruwa ne, baƙi kuma na fetur ne da ya yi yawa. Lokacin da shuɗin hayaƙin yake fitowa yana taimakawa wajen gane tushensa: idan da safe ne kawai da aka tayar, ko bayan an daɗe tsaye a cunkoso, sai ya ɓace, to an fi zargin robobin bawul da suka bushe, idan kuwa sai an taka totur yake turnuƙewa, ringin fistin, wato zobban da ke toshe tsakanin fistin da bangon silinda, shi ne abin zargi. A motoci masu turbo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji, shi ma turbon yana iya tura mai cikin inji idan ya lalace. Filogi da aka kwance aka ga bakinsa a jiƙe da mai ko ya tara toka mai kauri ƙarin shaida ne. Sai dai katalis, wato abin da ke tace hayaƙi a cikin salansa, yana iya ɓoye hayaƙin na wani lokaci, yana kuma toshewa a hankali saboda wannan aiki.

Kafin a yarda bakanike ya sauke inji, a nemi ya fara da abu mai araha. Akwai wani ɗan ƙaramin bawul da ake kira PCV, wanda ke fitar da tururin da ya taru a cikin inji. Idan ya maƙale, yakan tsotsi mai ya kai shi wurin ƙonewa, ko ya sa iska ta matse a ciki har robobi su fara yoyo, kuma canza shi aikin mintoci ne. Sai filtar iska, wadda a ƙasarmu ta ƙurar hunturu ba abin wasa ba ce: filtar da ta yage, ko aka yi ta hura mata iska mai ƙarfi har ta huje, tana barin ƙura ta shiga ta riƙa cin ringi da bangon silinda. Bayan waɗannan sai a yi gwajin ƙarfin matsin kowace silinda da na'ura. Bakaniken da ya ce ringi ne tun bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, hasashe yake yi da kuɗin mai mota.

Akwai injinan da matsalar daga ƙirarsu take. Wanda ya fi shafar mu shi ne injin Toyota mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, wanda ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake wa laƙabi da Muscle, da RAV4 ta 2006 zuwa 2008. A 2011 kamfanin ya aika wa dillalansa na Amurka takardar umarni kan yawan shan mai a waɗannan motoci, inda ma'aunin ya kasance kwat ɗaya a mil 1,200, wato kusan lita ɗaya a kilomita 1,900, kuma gyaran shi ne canza fistin da ringinsa, saboda ringin da ke share mai yana maƙalewa da datti. Honda Accord mai silinda shida ta 2008 zuwa 2012, da Audi A4 mai injin 2.0 TFSI ta 2009 zuwa 2011, su ma an kai ƙara kotu a Amurka kan irin wannan. Motocin nan sun iso mana ne bayan sun yi shekaru a can, wasu an gyara, wasu ba a gyara ba, don haka wanda ya sayi ɗaya ya fara auna ta tun makon farko.

Shawarar da aka fi ji a gareji ita ce a koma wa mai mai kauri, 20W-50, ko a ƙara maganin da ke daɗa masa kauri. Hayaƙin yana iya raguwa, amma ringin da ya maƙale bai warke ba. Camry ɗin da aka ambata an ƙera ta ne don mai mara kauri, 5W-20 ko 0W-20, kuma na'urar VVT-i da ke cikinta, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, da bugun mai take aiki ta ƙananan hanyoyi, waɗanda mai mai kauri ke jinkirin isa gare su idan an tayar da safe. A duba abin da aka rubuta a murfin zuba mai ko a littafin mota, idan za a ƙara kauri saboda zafi ko tsufan inji, a tsaya cikin abin da littafin ya yarda da shi. Jabun mai ma ya yi yawa a kasuwa, saboda haka a saya a wurin da aka amince da shi, a ga an ɓalle hatimin galan a gaban ido.

Ba kowace mota mai shan mai ce take buƙatar a sauke injinta nan da nan ba. Wadda ke shan lita ɗaya a kilomita 3,000, ba ta ɓata filogi, ba ta rasa ƙarfi, tana iya ci gaba da aiki na dogon lokaci muddin ana duba gejinta kowane mako da kuma kafin kowace doguwar tafiya, ana ajiye lita ɗaya a but. Ciko kuma ba ya maye gurbin juye, domin dattin yana nan a ciki kuma filta tana cika. Idan shan ya kai lita ɗaya a kilomita 1,000, ko filogi ya fara jiƙewa har inji yana karkarwa, lokacin gyara ya yi, kuma a nemi a auna silinda a ga ko ta faɗaɗa kafin a sa sabon ringi, domin sabon ringi a silindar da ta cinye ba zai hana shan mai ba.