Yadda ake karanta littafin Ƙuruciya na Maksim Gorki

Wanda ya ɗauki niyyar karanta Detstvo, wato Ƙuruciya, littafin da marubucin Rasha Maksim Gorki ya rubuta a kan rayuwarsa ta yarinta, ya kamata ya fara tabbatar da cewa littafin da ke hannunsa shi ne wanda yake nema, domin Liyo Tolstoi ma yana da wani mai irin wannan suna da ya fito a 1852, kuma shi labarin ɗan masu hali yake bayarwa. Na Gorki ya fara fitowa a 1913, lokacin da marubucin yake zaman gudun hijira a tsibirin Kapri na ƙasar Italiya, kuma shi ne na farko cikin littattafai uku da ya tsara tarihin rayuwarsa a cikinsu. Tun da a fassara yawancin masu karatu za su same shi, a nemi cikakkiyar fassara mai babi 13, a guji waɗanda aka taƙaita domin yara, saboda wuraren da ake yankewa su ne suka fi ɗaukar nauyin littafin.

Kafin a buɗe shafin farko, ɗan sani game da wuri da zamani ya isa. Sunan marubucin na yanka Aleksei Maksimobich Peshkob, an haife shi a 1868 a birnin Nizhni Nobgorod, inda kogin Oka yake haɗuwa da kogin Bolga, shekara bakwai bayan da sarkin Rasha ya soke bautar manoma a 1861. Mutanen da ke cikin littafin ƙananan masu sana'a ne na birni, waɗanda suka ɗan ɗaga daga ƙasa amma kullum suna cikin fargabar komawa inda suka fito. Wannan fargaba ita ce take juya gidan da yaron ya tashi a ciki, kuma duk wanda bai riƙe ta a zuciya ba, zai ɗauka mugunta ce kawai take damun mutanen.

Sunaye kan rikita baƙon adabin Rasha, don haka yana da kyau a ajiye takarda a gefe a rubuta su tun daga babi na biyu. Yaron shi ne Aleksei, amma za a ji ana kiransa Alyosha ko Leksei, duk mutum ɗaya ne. Mahaifiyarsa Barbara, kakarsa Akulina Ibanobna, kakansa Basili Kashirin mai marina, sai kawunnansa biyu, Mikhail da Yakob, waɗanda kowannensu yake da ɗa mai suna Sasha. Akwai kuma Grigori, tsohon marini da idonsa yake mutuwa a hankali, da Tsiganok, saurayin da aka tsinta yana jariri a ƙofar gidan, kakar ta raine shi. Da zarar an riƙe waɗannan, sauran za su zo da sauƙi.

Babban abin da mai karatu zai koya shi ne rarrabe muryoyi biyu da suke ba da labarin. Akwai idon yaro da yake ganin abu bai fahimce shi ba, akwai kuma muryar magidanci ɗan shekara 45 da yake tuna baya, wanda ba ya tsoma baki sai nadiran. Babi na farko ya isa misali. Mahaifin yaron ya rasu da cutar kwalara a birnin Astrakhan, ana binne shi cikin ruwan sama, amma abin da ya tsaya wa yaron a rai shi ne kwaɗin da suka faɗa cikin kabarin, aka tura ƙasa aka rufe su tare da akwatin gawar, har daga baya a cikin jirgin ruwa yana ba wani matuƙi labarinsu. Gorki bai tsaya yana bayyana mana cewa yaron bai san mutuwa ba, ya bar kwaɗin su yi wannan aiki. A irin waɗannan wurare ya kamata a rage sauri, a tambayi kai me yaron ya gani, me kuma ya wuce saninsa, domin a tsakanin nan ne zafin labarin yake.

Mataki na gaba, wanda a ganina ya fi kowane muhimmanci, shi ne a bi dukiyar gidan Kashirin daga farkon littafin zuwa ƙarshensa kamar mai duba lissafi. Mutane da yawa suna jin cewa labarin talauci ne sai su zaci cikin talauci aka fara, alhali lokacin da yaron ya iso gidan akwai marina, akwai ma'aikata, akwai doki, kuma kakan mutum ne mai faɗa a ji a cikin masu sana'arsa. Talaucin zuwa yake yi sannu a hankali, ana kallonsa. Kawunnan suna dambe da juna a kan rabon dukiya tun mahaifinsu yana raye, suna ƙyashin kayan auren Barbara da aka riƙe saboda ta yi aure ba da yardar uba ba, gobara ta cinye marinar, aka raba gida, aka sayar da wani aka koma wani, kuma kowace ƙaura tana kai su wuri mafi ƙunci. Grigori, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a aikin gidan, da ya makance sai aka sallame shi ya shiga bara a titi. Can kusa da ƙarshe tsohon ya raba tukunya da matar da suka yi shekaru da yawa tare, har ganyen shayi ƙirgawa yake yi kada nasa ya fi nata yawa, ita kuma tana saƙa domin ta ciyar da kanta da jikanta. Yaron kansa ya shiga tsince-tsincen tsummoki da ƙasusuwa da ƙusoshi yana sayarwa, kuma wata rana ya hango kakarsa tana kallon 'yan kuɗin da ya kawo a tafin hannunta tana hawaye ba tare da ta yi sauti ba. Idan aka karanta wannan bayan an riƙe yadda gidan yake a farko, sai a ga cewa abin da Gorki yake nunawa shi ne yadda tsoron rashi yake lalata zumunci tun kafin rashin ya iso, da yadda rashin yake ƙarasa abin da ya rage.

Daga nan sai a yi hattara da saurin yanke hukunci a kan kakan. Gaskiya ne duk ranar Asabar yana tara jikoki ya zane su da tsumagiya, kuma lokacin da Alyosha ya tsoma farin mayafin teburi a cikin ruwan rini, ya yi masa dukan da sai da ya suma ya kwanta jinya. Amma wannan tsohon ne ya zo ya zauna a bakin gadonsa da 'yar tsaraba, ya ba shi labarin yadda shi ma a ƙuruciyarsa ya ja jiragen kaya da igiya a ƙirji a gaɓar Bolga, kuma shi ne ya koya masa karatu da littafin Zabura. Wannan ba ya wanke shi, kuma bai kamata mai karatu ya nemi wanke shi ba, amma yana nuna daga ina dukan ya samo asali. Haka ita ma kakar, wadda ita ce hasken littafin, mai tatsuniyoyi da waƙoƙi, wadda ta lulluɓa da bargo ta kutsa cikin gobara ta fito da tulun sinadarin da zai iya fashewa, tana da nata rauni, domin mijinta yana dukanta tana haƙuri tana cewa ƙaddara ce. A lura da yadda jikan yake ƙaunarta matuƙa amma ya ƙi gadon wannan haƙurin, har ya kai ga ɗaukar wuƙa ya yi kan mijin uwarsa ranar da ya ga yana harbinta da ƙafa.

Babin da ya kwatanta ibadar tsofaffin biyu ya cancanci a karanta shi sau biyu. Dukansu mabiya cocin Otodoks na Rasha ne, amma ita tana addu'a da kalmominta kamar mai ganawa da wanda ya san damuwarta, shi kuma yana karanta tasa a tsaye, kalma bayan kalma, cikin tsoron azaba. Yaron ya ɗauka iyayengiji biyu ne daban. A karanta wannan a matsayin tunanin yaro game da halin mutane biyu, kada a mayar da shi muhawarar addini.

Akwai wuraren da za su yi wa zuciya nauyi, musamman mutuwar Tsiganok, wanda yake tare wa yaron bulala da hannunsa, kuma wanda kawunnan suka ɗora wa ƙaton gicciyen katako za a kai maƙabarta, ya yi tuntuɓe gicciyen ya danne shi, aka kawo shi gida jini yana fita ta bakinsa. Idan an zo nan, babu laifi a ajiye littafin zuwa gobe, amma kada a tsallake. Gorki da kansa ya tsaya kusa da ƙarshen littafin ya tambayi kansa ko ya dace a tuna irin waɗannan munanan abubuwa, ya amsa cewa ya dace, saboda suna nan ba su mutu ba, kuma sai an san su har saiwa kafin a iya tumɓuke su. Wannan sakin layi shi ne inda muryar magidancin ta fito fili, kuma yana da amfani a sa masa alama a dawo kansa bayan an gama.

Game da gaskiyar abin da ke ciki, a tuna cewa an rubuta shi bayan fiye da shekara 30 da faruwar al'amuran, kuma marubuci ne ya rubuta shi, wanda ya zaɓi abin da zai faɗa ya kuma tsara maganganun mutane. Manyan ginshiƙan tarihi ne, gidan Kashirin ma yana nan a Nizhni Nobgorod an mayar da shi gidan tarihi, amma ba a karanta hirarrakin kamar takardar shaida.

Littafin ya ƙare da rasuwar mahaifiyar da tarin fuka, yaron yana ɗan shekara 11, inda bayan 'yan kwanaki kakan ya gaya masa cewa shi ba lambar yabo ba ne da za a rataya a wuya, ya fita ya nemi na kansa. Wanda ya kai nan zai fi amfana idan ya wuce kai tsaye zuwa littafi na biyu na 1916, inda yaron ya yi aiki a shagon takalma, ya kuma yi wanke-wanke a jirgin ruwa a ƙarƙashin wani kuku mai suna Smuri da ya cusa masa son littattafai, sannan na uku na 1923, wanda ya ba da labarin tafiyarsa birnin Kazan da burin shiga jami'a, burin da bai cika ba, ya ɓuge da aikin gidan burodi. Fim ɗin da Mark Donskoi ya shirya daga littafin farko a 1938 yana da kyau, amma a bar shi sai bayan an kammala karatun, domin fuskokin 'yan wasan kada su riga zama a rai kafin mai karatu ya siffanta mutanen da kansa.